Babi na Bakwai: Gonar Gado, Ruwan Gwamnati

Tun ba a haƙa ko kamu ɗaya na kanal a ƙasar Kura ba, mai lambu ya san haraji. A zamanin sarakunan Kano, ban da kuɗin ƙasa da ke kan magidanci, akwai kuɗin rafi da ke kan mai ban-ruwa a fadama, akwai kuma kuɗin karofi da ke kan marina. Kura kuwa garin marina ne, baƙin rawaninta, ɗan Kura, ya kai har Agadas da ƙasashen Buzaye. Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Kano a 1851, ya ambaci harajin karofi a cikin abin da ya rubuta. Da Turawa suka zo sai suka ƙara da malaman taki, masu auna gona da tafiyar ƙafa su yanka mata kuɗi. Daga nan aka shiga zamanin harajin da dagaci ke bi gida-gida yana karɓa, wanda ya sa magidanta da yawa kwana a daji ko tafiya cin rani ba shiri. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta sha gwagwarmaya a kansa, kuma da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano a 1979, soke haraji da jangali na cikin abubuwan da ya fara yi.

Wanda kakansa ya ba shi wannan labari, ba za a zarge shi ba in gabansa ya faɗi da jin an ce an yi sabuwar dokar haraji. Amma ni a ganina tsoron manomin Kura da Bunkure ya sauka inda bai kamata ba. Abin da dokar haraji ke nema a hannun ƙaramin manomi kaɗan ne, sau da yawa ma ba komai. Abin da ke cinye dukiyar mutane a wannan yanki shi ne cinikin da aka yi da baka, da kuɗin da aka biya ba rasit, da gonar da kowa ya san ta wane ce amma ba a rubuta a ko'ina ba.

Mu fara da gonar, don nan ne rigimar ta fi zafi.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka faro a mulkin Audu Baƙo. Ruwanta ne ke bi ta babban kanal ya shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a aikin da aka fi sani da sunan Kadawa. Tun 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta tarayya, kuma ita ke riƙe da aikin. Yadda aka tsara shi tun farko yana da muhimmanci ga duk mai son fahimtar rigingimun yau. An auna gonakin mutane, aka baje ƙasa, aka fitar da kanal da magudanai da hanyoyi, sannan aka mayar wa masu gonaki da filaye bayan an rage wani kaso na abin da aikin ya ci. Iyakokin da kakanni suka sani, da gamba da itatuwan da ke nuna inda gonar wane ta tsaya, da yawa sun tafi da katafila. Wanda aka mayar wa fili ba lallai ne a daidai inda ubansa ya yi noma ba. Yanzu shekara kusan hamsin ke nan, mutanen da suka ga rabon da idonsu suna ƙarewa, 'ya'ya da jikoki kuma sun gaji filin da darajarsa ta ninka ta gonar tudu sau da yawa, don ana nome shi rani da damina.

A kan wannan fili doka fiye da ɗaya ce ke aiki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi a idon wannan doka shi ne haƙƙin zama da amfani. A karkara ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da shaidar wannan haƙƙi a kan gonar noma, har zuwa hekta 500, kuma sashe na 21 ya ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewarta. Mutum nawa ne a Kura suka taɓa zuwa sakatariya neman amincewa kafin su sayi eka guda? Abin da aka saba shi ne a kira mai unguwa, a tara shaidu, a biya la'ada, a yi addu'a. Wannan hanya tana da ƙarfinta, ba na raina ta, domin shaidar mai unguwa da maƙwabtan gona ita alƙali zai fara nema. Rauninta shi ne mutane suna mutuwa, wasu suna mantuwa, wasu kuma suna canza magana.

Takardar ciniki ba ta buƙatar Turanci. A rubuta ta da boko ko da ajami, a sa sunan mai sayarwa da yadda gonar ta zo hannunsa, ko gado ko saye ko kyauta. A faɗi maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, da kanal ɗin da ke ba ta ruwa, da kuɗin da aka biya, da kwanan wata. In ɗaya daga cikin masu cinikin bai iya karatu ba, marubucin ya sa sunansa, ya kuma rubuta cewa an karanta wa mutumin da harshen da yake ji kafin ya dangwala, domin akwai dokar da ke kare wanda bai iya karatu ba, kuma ta nan ake rushe takardu da yawa. Sannan a kai takardar a buga mata kan sarki a ofishin tara kuɗin shiga na jiha, a nemi amincewar ƙaramar hukuma, a kuma je wurin ƙungiyar masu amfani da ruwa a canza suna a rajistarsu. Wanda ya biya kuɗi, yana da rasit, kuma ya shiga gonar yana nomawa, yana da hujja mai nauyi a kotu ko da bai kai ga takardar mallaka ta gwamna ba.

Babbar tambayar da mai saye ya kamata ya yi ita ce: an raba gadon? A gidaje da yawa uba ya rasu shekara ashirin, babban wa yana riƙe da gona, mata sun yi aure a wasu garuruwa, ana aika musu da buhun shinkafa bayan girbi, kowa ya yi shiru don zumunci. Ranar da wan ya sayar, ya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba. 'Ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, kuma daɗewar shirunsu ba ya kashe haƙƙinsu cikin sauƙi. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Kano ke bi, akwai shuf'a: in abokin tarayya a gonar da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da ikon biyan kuɗin su karɓe. Mai saye zai iya zuba taki, ya gyara kunya, ya wayi gari an mayar masa da kuɗinsa na shekarun baya, kuɗin da yanzu ba zai sayi rabin filin ba.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne halin da ake sa mata. Sau da yawa ana ce wa mace ta karɓi kuɗi a maimakon fili, a kuma ƙiyasta filin da farashin da maza suka ga dama. Ba laifi ba ne ta zaɓi kuɗi, amma sai da yardarta, bayan an yi ƙima ta gaskiya. Kura cike take da mata masu turara shinkafa, waɗanda ke sayen shanshera a kasuwa da tsada, alhali wasunsu suna da kason gonar da za ta ba su ita. Akwai kuma wani abu da masu rabon gado ke mantawa a filin ban-ruwa: in an yanka fili gida huɗu ba a duba ta inda ruwa ke shiga ba, wani zai sami kason da ba ya taɓa bakin kanal, sai ya roƙi ɗan'uwansa hanya duk ranar ban-ruwa. A tsaga filin yadda kowa zai sha, ko a rubuta hanyar ruwan cikin takardar rabo.

Uba mai son ya ba wani ɗa gona tun yana raye ya sani cewa kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. "Baba ya ce tawa ce" ba ta tsayawa a gaban alƙali in Baba ne ya ci gaba da nomanta har ya rasu. Wasiyya kuma ba ta wuce sulusi, ba a kuma yin ta ga magaji sai in sauran magada sun yarda.

Sai aro da haya da jingina, waɗanda su ne ruwan dare a yankin, don 'yan kasuwa da ma'aikata daga birni suna zuwa kama eka su yi shinkafa ko alkama ko tumatir. Haya ta fi sauƙi, amma a fayyace: ta rani ce kawai ko har da damina, wa zai biya kuɗin ban-ruwa, kuma me zai faru in an rufe kanal don gyara a tsakiyar lokaci. Masu karɓar haya da buhunan abin da gonar ta fitar su tambayi malaminsu, domin malaman Malikiyya suna da magana a kan hayar ƙasa da abincin da ke fita daga cikinta. Jingina kuwa ita ce uwar shari'u. Mutum ya karɓi kuɗi don biki ko asibiti, ya ba da gona, shekaru suka wuce, su biyun suka rasu. 'Ya'yan mai kuɗi suka tashi suna ganin gonar ubansu ce, 'ya'yan mai gona suka zo da kuɗin fansa. A nan ne ake jin kalmar hauzi, wato ƙa'idar da ta ce wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki da ita, mai ita yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, to da'awarsa ta raunana. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai. Amma hauzi ba ya aiki in an tabbatar da cewa aro ne ko haya ko jingina, komai daɗewa. Duk shari'ar sai ta koma kan tambaya ɗaya: ta yaya gonar ta shiga hannun wancan gida? Layi uku da aka rubuta ranar da aka ba da ita sun isa amsa.

In gwamnati ta karɓi gona don hanya ko layin dogo ko makaranta, sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba ta iko, matuƙar don amfanin jama'a ne kuma an ba da sanarwa. Diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, amfanin gona da itatuwa da gini. Ranar ƙidayar abin da ke kan gonar ita ce ranar da ba a fashi, kuma sunan da aka rubuta ranar shi za a biya, saboda haka mai gona da ɗan haya su daidaita tun kafin masu ƙidaya su iso. Mutanen Bakolori a ƙasar Sakkwato ta wancan lokaci sun ga inda rikicin diyya ke kaiwa a 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da aikin madatsar ruwa ya raba da gonakinsu.

Ruwan da ke cikin kanal ba na jiha ba ne. Kogin Kano yana haɗuwa da Challawa su zama kogin Haɗeja, su ratsa Jigawa zuwa Yobe, kuma tsarin mulki ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun tarayya. Kuɗin ban-ruwa da ake karɓa ba haraji ba ne, ladan hidima ne na gyaran kanal da yashe shi da kula da ƙofofi. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara sassan aikin, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don su riƙe ƙananan kanal su tara kuɗin da kansu. Manomin da ke kusa da bakin ruwa yakan ga ba dalilin biya tunda ruwa na zuwa masa ko ya biya ko bai biya ba. Wanda ke wutsiyar kanal shi ke shan wahalar ƙin biyan, don kacalla da yashi sun toshe hanya kafin ruwa ya iso shi. Ina goyon bayan a biya, ina kuma goyon bayan duk wanda ya biya ya tsaya a taron ƙungiya ya nemi a karanta abin da aka tara da inda aka kashe. Rasit ɗin ban-ruwa na shekara da shekaru, da sunan mutum da wurin filinsa, yana kuma taimakawa ranar da aka yi musun wa ke riƙe da gona. Gefen kanal da hanyar da ke binsa na hukuma ne, wanda ya sayi wurin don ya kafa shago ya sayi abin da mai sayarwa ba shi da ikon sayarwa.

Yanzu ga harajin da ake ta magana. A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka tsayar da 1 ga Janairu 2026 don fara aiki da manyansu. Raɗe-raɗin da ya fi yawo shi ne duk kuɗin da ya shiga asusun banki za a yanke masa haraji. Ba haka dokar ta ce ba. Haraji yana kan riba ne, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin iri da taki da magani da hayar gona da leburori da mai da dako. Naira 800,000 ta farko a ribar shekara ba a biyan komai a kanta. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana biyan kashi 15 cikin ɗari. A misali, wanda ribarsa ta shekara ta kai miliyan ɗaya, naira 30,000 ke kansa, wanda tasa ta kai miliyan biyu kuma naira 180,000. Manomi ko mai shago ko mai injin casa da ke sana'a da sunansa, Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano yake biya, ba ta tarayya ba. Kayan abinci na yau da kullum kamar shinkafa da tumatir ba a ɗora musu harajin saye na kashi 7.5. Naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗin da ya kai naira 10,000 wani abu ne daban, kuɗin kan sarki ne, ba ruwansa da riba.

Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne dillali. Miliyoyi suna ratsa asusunsa a lokacin kaka, na masu saye daga Legas ko Onitsha, nasa a ciki la'ada ce kawai. In ba shi da littafin da ke nuna kuɗin wa ya shigo, wa aka biya, nawa ya rage masa, to doka ta ba jami'in haraji damar yin ƙiyasi, kuma ƙiyasi ba kasafai yake faɗuwa ta gefen mai biya ba. Littafin makaranta mai layi ya isa, in ana rubutawa kullum. Ya kuma kyautu a raba asusun sana'a da na cefane.

Abin da ya fi cin aljihun manomi a zahiri yana kan hanya. Motar tumatir da ta yi lodi a Kwanar Gafan za ta nufi kasuwar Mile 12 a Legas tana ratsa jihohi da ƙananan hukumomi, ana tsayar da ita da sanda mai ƙusoshi, ana neman sitika da tikiti iri-iri, tumatir kuwa ba ya jira. Direba ba daga aljihunsa yake biya ba. Ɗan kasuwa ya lissafa duk wannan tun kafin ya taya kwando, saboda haka manomin da bai taɓa zuwa Legas ba shi ya biya. Dokar soja ta 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji, har da ɗauri ga mai yi. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi hukuncin da ya raunana matsayin wannan doka, amma ƙa'idar da ba ta canza ba ita ce ba a karɓar haraji sai da rubutacciyar doka. Tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kasuwa da tasha da mayanka da lasin kura da amalanke da shaguna. Kuɗin rumfa da na shiga kasuwa halal ɗinta ne, in da rasit mai lamba da sunan hukuma. Yawan karɓe-karɓen hanya na cikin koke-koken da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta gabatar lokacin da ta dakatar da kai kaya kudu a ƙarshen Fabrairu 2021, kuma a 'yan kwanakin da aka yi hakan masu tumatir a arewa sun ga kayansu na ruɓewa. Mutum ɗaya ba zai yi gardama da masu sanda a tsakiyar daji ba. Ƙungiya ce za ta iya tara rasit ɗin, ta nuna abin da ake karɓa daga nan zuwa can, ta kai gaban majalisa ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano.

Masu injin casa sukan tambaya ko su yi rajista da hukumar CAC. Rajistar sunan kasuwanci ta fi araha, tana buɗe ƙofar asusun banki da sunan sana'a, amma ba ta raba mutum da bashin sana'arsa, in ta karye gidansa da gonarsa suna cikin lissafi. Kamfani shi ke da wannan katanga, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya zai iya kafa shi. Tun dokar kuɗi ta 2019 ƙaramin kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba ba ya biyan harajin kamfani, sabuwar doka kuma ta ɗaga wannan iyaka. Sai dai rashin biya bai ɗauke wajibcin kai rahoton shekara ba, kuma tarar rashin kaiwa tana taruwa a ɓoye har ranar da aka zo neman rance ko kwangila. Wanda ba zai iya riƙe akanta ba, kada ya yi gaggawar kafa kamfani don suna. Mata masu turara da ƙananan manoma, ƙungiyar gama kai ta fi dacewa da su, mutum goma sun isa a yi mata rajista a jiha. Mai zuba shinkafa a buhu mai tambarinsa zai buƙaci lambar NAFDAC, mai zuba tasa a buhun wani kamfani kuwa laifi yake yi ko da kowa a layin yana yi.

Zakka ba ta ɗauke haraji, haraji ma ba ya ɗauke ta. Shinkafa da alkama da masara in sun kai nisabi ana fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ko ruwan da ya zo ba wahala, ɗaya cikin ashirin in da inji ko jigo aka shayar. Ruwan kanal da ake biya wa kuɗi, wani kuma yana haɗawa da injin ja, tambaya ce ta malami, a faɗa masa yadda ake ban-ruwan dalla-dalla.

Sai bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, amma kasuwar shinkafa kusan duk a kan amana take tafiya: a ɗauki kaya yau, a biya in an sayar. In biya ya gagara, abin da aka saba shi ne a kai mutum caji ofis. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani, ɗa a madadin uba ko mata a madadin miji. Mai bin bashin da ya sa aka tsare wanda yake bi zai iya tsintar kansa yana biyan diyya. In akwai yaudara tun farko, ko cakin bogi, wannan laifi ne, magana ta canza. Bashi zalla kuwa hanyarsa sulhu ce a gaban shugabannin kasuwa ko mai unguwa ko Hisbah, in ta ƙi sai kotu. Jihar Kano tana da kotunan ƙananan ƙararraki tun 2019, waɗanda aka yi domin irin wannan, mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya.

Waɗanda suka karɓi rancen noma na gwamnati, irin shirin da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamba 2015 wanda manoman shinkafa na Kano ma suka shiga, wasunsu sun ɗauka rabonsu ne na arziƙin ƙasa. Rance ne, kuma an ɗaure shi da lambar BVN. Tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wani banki, in ya sa hannu a kan wannan sharaɗi. Wanda ya ba da lambarsa da hotonsa wani ya karɓi kaya da sunansa, shi ake bi. Haka wanda ya tsaya wa ɗan'uwa: ranar da ɗan'uwan ya kasa, ba shaida ake kiransa ba, mai biya ne.

In sulhu ya ƙi a kan gona, a kula da ƙofar da za a shiga. Rabon gado da kyauta da wasiyya da waƙafi na kotun shari'ar Musulunci ne, ɗaukaka ƙararsu kuma tana zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Amma musun mallakar gona tsakanin mutanen da ba gado ya haɗa su ba, kamar saye ko jingina ko iyaka, sashe na 277 na tsarin mulki bai ba waccan kotu iko a kansa ba, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Magaji da Matari a 2000. Irin wannan ɗaukakawa Babbar Kotun Jiha take zuwa. Wanda ya bi ta ƙofar da ba ita ba zai iya yin nasara bayan shekaru, kotun sama ta rushe hukuncin don rashin hurumi, a dawo farko. A Babbar Kotu kuma da Turanci ake aiki, takardar Hausa ko ta ajami sai an haɗa ta da fassara, kuma asalinta ake so a gani, ba hoton da ke cikin waya ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a Kano kafin ya shigar da ƙara.